Mace mai ƙarfin hali da ciwon damuwa: me ke hana mata baƙar fata a Amurka neman magani?

Ƙanwa: Assalamu alaikum yayyena. A Amurka ana yawan yabon mace baƙar fata da cewa ba ta gajiya, ba ta kuka. Da gaske wannan yabon yana da alaƙa da ciwon damuwa? Ta yaya ake gane mace ta kamu alhali tana zuwa aiki, tana dariya?

Anti Malama: Wa alaikumus salam ƙanwata. Alaƙar a fili take. Farfesa Cheryl Woods-Giscombé ta Jami'ar Karolina ta Arewa ta yi bincike a kai a 2010, ta fito da halaye biyar na irin wannan mace: nuna ƙarfi dole, haɗiye abin da ke zuci, ƙin dogaro da kowa, dagewa sai an yi nasara ko da hannu babu komai, da ɗora hidimar jama'a a kai kafin ta kai. Tushen abin tun zamanin bauta ne, lokacin da nuna gazawa ke jawo wa mace bulala ko a raba ta da 'ya'yanta. Garkuwa ce da ta ceci mutane, shi ya sa ban yarda a zage ta ba. Illar ita ce ba a iya ajiye ta. Jiki kullum a ɗaure, barci ba ya isa, jini ya hau. Mai bincike kan lafiyar al'umma Arline Geronimus ta yi bayani tun 1992 cewa irin wannan matsi na shekaru yana tsofar da jiki kafin lokaci.

Yaya Nas: Ganewa ita ce mai wuya, domin ba za ta ce "ina cikin baƙin ciki" ba. Cewa take kaina ke ciwo, bayana ya riƙe, na gaji, ko a ga ta riƙa faɗa a kan ƙaramin abu. Likita ya ba ta maganin ciwon kai ya sallame ta. Don haka ta nemi a cika mata takardar PHQ-9, tambayoyi 9 kan makonni 2 da suka wuce. Maki daga 0 zuwa 27 ne, in ya kai 10 akwai bukatar a duba da kyau. A nan ake samun kuskure: wadda ta saba cewa "lafiya lau" takan rage amsoshinta, makin ya fito ƙasa. Mai jego kuma akwai takardar gwajin da ake kira Edinburgh, tambayoyi 10. A haɗa da gwajin jini da na tayirod (wata gaɓa a maƙogwaro), musamman ga mai ƙari a mahaifa da ke zubar da jini da yawa, don ƙarancin jini ma yana kawo kasala irin wannan.

Ƙanwa: Na gode Yaya. To idan an tabbatar fa?

Yaya Nas: Ko zama da masanin halayyar ɗan Adam, yawanci sau ɗaya a mako na kamar wata 3 zuwa 4, ko ƙwaya irin sertraline, ko a haɗa duka. Ƙwayar sai ta yi mako 4 zuwa 6 kafin a ga amfaninta sosai. Wasu suna dainawa a makonnin farko saboda tashin zuciya, wasu kuma da zarar sun ji sauƙi. Yankewa farat ɗaya na kawo jiri da rashin barci, likita ne ke rage ta a hankali.

Anti Malama: Mai neman wadda za ta fahimce ta ba sai ta yi dogon bayani ba, ta duba jerin masana halayyar ɗan Adam da ke shafin intanet na Therapy for Black Girls na Dakta Joy Harden Bradford. Gidauniyar Loveland tana taimakawa da kuɗin zama. Wadda ta fara tunanin kashe kanta, a kira 988, layin agajin gaggawa na Amurka kan irin wannan, nan take, dare ko rana. Matanmu mazauna can kuma nauyi biyu suke ɗauke da shi, don ga wannan ga "ki yi haƙuri" daga gida. Idan 'yar uwa ta buɗe baki, kada a ce mata "ai ke jaruma ce". A karɓe mata yaran ranar da za ta ga likita.