Tsohuwar aska: ta Solingen ko ta Thiers?

Ɗan Wadata: Salamu alaikum. Lam ta ishe ni, kullum ƙuraje a wuya. Na ga tsofaffin asake biyu wurin wani dattijo a kasuwar Katako, nan Yamai. Ɗaya an rubuta mata Solingen, ta Jamus ke nan, bakinta zagaye, faɗinta 5/8 na inci, jikka 12. Ɗayar ta Thiers ce, ta Faransa, mai tsini, ƙotarta ta ɗan tsage, jikka 8. Ban taɓa riƙe aska ba. Wace zan ɗauka?

Sarkin Shayi: Ka bar gemun kawai, sunna ce.

Baban Ikilima: Ƙanena, ji nawa tukuna. Bara na sayi wata ta Sheffield, ta Ingila, jikka 25, mai ita har da rantsuwa wai tun zamanin Nasara take. Na kai gida, ashe tsatsa ta ci bakin, an goge an shafe da mai. Na ba wani mai wasa wuƙaƙe, ya ɗora ta a kan injin kamar adda. Ƙarfen ya yi zafi har ya canza launi, ba ta ƙara riƙe kaifi ba. Ranar ɗaurin auren ƙanwata da auduga a haɓa na je. Yanzu uwargida ke yanke zare da ita.

Sarkin Shayi: Gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, Ɗan Wadata, shafa wa naka ruwa 😂

Na Tawa: Jikka 25? An yi maka aski ba ruwa. Nan Tawa jikka 3 na sayi tawa.

Baban Ikilima: Taka ta maƙera ce, ba ɗaya ba ne.

Malam Lakkol: Ɗauki mai zagayen baki, mai tsini kunne take tsaga wa ɗan koyo. Duba ta a rana: in bakin ya ɓalgace ko gadon bayan ya cinye da wasawa, bar ta. Irin wannan ƙarfen ba ya shiri da ruwa, ka share ta ta bushe bayan kowane aski. Kuma sai da fatar wasawa.

Jikan Wanzami: Malam, a YouTube ka gani ko a zabira? Kakana shekara 40 yana aski bai san 5/8 ba, a tafin hannu yake wasa askarsa.

Malam Lakkol: Kakanka ya iya. Kai fa?

Jikan Wanzami: Ni tela ne, amma jini ba ya ƙarya.

Hajiya Mai Atamfa: Tunda an zo kan wanzamai, a askin sunan jikana aska ɗaya aka fito da ita daga zabira, ko alkol ba a sa mata ba. Da na yi maganar ciwon hanta sai aka ce na cika boko.

Na Tawa: Hajiya, namu sabuwar lam yake ɓarewa gabanki, amma jikka 5 da ƙafar rago.

Ɗan Wadata: To ita fatar wasawar, a ina ake samunta a Yamai?

Baban Ikilima: Ƙafar rago kawai? Namu har kai ya tafi da shi.