Dan Allah a bani shawara akan cikin kanina mai ciwon laka

Assalamu alaikum yan uwa. Kanina ne yayi hatsarin babur lakarsa ta tabu, daga kirji zuwa kasa baya motsi. Yanzu cikinsa ne yafi damunmu, sai ya dau kwanaki bai zagaya ba ciki ya kumbura, in kuma fitsari ya canza kala a robar fitsarin da aka sa masa sai mu siyo Cipro, maganin kashe bakteriya (antibayotik), a kemis, daga nan sai gudawa. Naji ance wai bakteriyar hanji tana da alaka da warkewar laka, da gaske ne? Me zamu dinga bashi?

Anti Nas: Wa alaikumussalam, Allah ya bashi lafiya. Yar uwa ku fara daina siyan maganin nan da ka. Mai robar fitsari da wuya a rasa bakteriya a fitsarinsa, canza kala kadai ba dalili bane, sai in da zazzabi ko jikinsa ya rikice, shima a kai fitsarin gwaji tukun. Kwayar nan har bakteriya masu amfani take kashewa shi yasa gudawar.

Baban Khalifa: Maganar tana da tushe. A 2016 masu bincike a jami'ar Ohio State ta Amurka sun gwada akan beraye, wadanda aka dura wa antibayotik kafin raunin laka sunfi shan wuyar farfadowa, wadanda kuma aka ba bakteriya masu amfani tafiyarsu tafi dawowa. Amma fa beraye ne, kada wani ya sayar miki da kwalba yace zai mike da tafiya, yan damfara sunyi yawa a harkar nan.

Maman Ummi: Wake, zogale, miyar kuka, kunun gero da ruwa isasshe, amma a hankali ake karawa kada cikin ya kara kumbura. Kindirmo ma yana da kyau in an dafa madarar.

Anti Nas: Kuma a tsayar masa da lokaci daya na bahaya, bayan cin abinci. Tunda raunin daga kirji ne, in kika ga ciwon kai mai tsanani da gumi ya taso masa lokaci guda to jini ne ya hau, toshewar ciki ko ta roba na jawo haka. Ki zaunar dashi, ki duba robar ko ta lankwashe, in bai lafa ba ku wuce asibiti a take.