Motar gwangwani 'yar Japan ta ƙi tashi, batir ya zube a cikinta

Abu Sadik: Assalamu alaikum. Jama'a a taimaka. Motar 'yan sanda ce ta wasan yara, ta gwangwani, mai cin manyan batir biyu irin na tocila. Marigayi Baba ya sayo wa yayanmu, ta sauko hannuna, ta koma wa ƙanwarmu, sai ta ɓace, ashe tana akwatin Hajiya ƙarƙashin zannuwa. Irin wadda in ta bugi bango take juyawa da kanta, fitilar samanta na walƙiya. An rubuta Made in Japan, ga TN cikin alama mai kusurwa huɗu. Mazaunin batir duk farin gari da tsatsa. Na goge da fetur, na sa sabon batir, shiru. Ina so ta tashi kafin Sallah.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Ajiye fetur ɗin nan tukuna. Zanen jikinta bugawa aka yi a kan kwanon, fetur da tina suna dusar da shi, kuma ba ya dawowa. TN tambarin kamfanin kayan wasa na Nomura ne da ke Tokyo, ƙirarsu ta batir yawanci ta shekarun 1950 da 1960 ce. Ka jiƙa auduga a tsinke da khal, wato vinegar, ko ruwan lemun tsami, ka shafa a ƙarafan da batir ke taɓawa, minti 5, ka goge da tsumma mai laima, ta bushe sarai. Sannan sanfefa mai laushi har ƙarfen ya yi haske. Mafi yawansu a nan suke tashi.

Maman Ilham: Malam, khal na batirin alkalin ne. Na da, irin su Tiger Head, abin da suke zubarwa mai tsami ne, ƙara masa tsami ƙara cin ƙarfe ne. Sodar girki, ƙaramin cokali 1 a rabin kofin ruwa. Ya fara ɗiga khal kaɗan a garin: in ya yi kumfa alkalin ne, ya ci gaba, in bai yi ba, soda.

Baban Khalifa: Hajiya, ya ce farin gari. Khal ne maganinsa.

Abu Sadik: Fetur ɗin kaɗan ne fa, kuma a ciki kawai. Ban lura da irin batirin ba, na yar. Ina tunanin kai wa mai gyaran rediyo.

Ɗan Fagge: Kada ka soma, Yallaɓai! Ba sukurori ke riƙe da ita ba, 'yan kunnuwan gwangwani ne da aka lanƙwasa. Su kuwa da sukuddireba suke ɓamɓara, kunne kuma lanƙwasa biyu ko uku ya karye. Haka suke yi wa tsofaffin rediyo, a dawo maka da kaya an ɗaure da waya. Masu haƙurin aiki sun ƙare, yanzu kowa roba ya sani, ta fashe a yar.

Baban Khalifa: In dole sai an buɗe, filaya mai siririn baki, a ɗaga kunnen rabi kawai. A haɗa batir biyu a jere, bolt 3, kai tsaye a wayoyin injin. In ya juya, matsalar makunni ce ko wayar da ta saki daga dalma. In ya yi gurnani amma tayar tsakiya da ke ƙarƙashin motar ba ta motsa ba, ƙaramin giyan bakin injin ne, in na roba ne tsagewa yake ya riƙa zamewa. Man keken ɗinki ɗigo ɗaya a kowane ƙarfe mai juyawa, kada ya shiga injin.

Umman Nana: Ni dai a tsabtace a ajiye. Fentin wancan zamani kan ƙunshi dalma, ga gefen kwano mai kaifi, ba ta hannun yaro ba ce. Kwalinta na nan? Masu tara su suna daraja kwali ƙwarai.

Abu Sadik: Kwali ya tafi tuni. Kuma Baba ba don ajiya ya saya ba, Sadik nake so ya ga tana juyawa. Na ɗaga kunne biyu, ɗaya ya ɗan tsage. Super glue zai riƙe shi?

Ɗan Fagge: Innalillahi.

Baban Khalifa: Wa ya ce ka buɗe? Ka shafa khal ɗin ma tukuna?