Shawarwarin kanikawan Suame kan kiyaye kai a gareji

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka zauna da wasu kanikawa a Suame Magazine, unguwar kanikawa da ke nan Kumasi, hira ta gangaro kan haɗurran gareji. An fi daɗewa kan batun jak. Wani dattijo cikinsu ya ce kada yaro ya kuskura ya shiga ƙarƙashin mota alhali jak kaɗai ke riƙe da ita. A kafa mata ƙafar ƙarfe, a ja birkin hannu, a tokare tayoyi, tayar da aka kwance kuma a tura ta ƙarƙashin bodi. Da damina ƙasa kan yi laushi, jak ya nutse ba sallama. Ya miƙo hannunsa muka ga yatsu biyu a lanƙwashe, wallahi jikina ya yi sanyi.

Baturi kuwa, wayar nagatif, wato mai alamar (-), ake fara cirewa. Murfin lagireto a bar shi sai inji ya huce. Kada a bar mota tana aiki a rufaffen shago, hayaƙin salansa yana kisa.

Masu walda sun ja kunne sosai kan tankin mai: ko babu ɗigon fetur a ciki, tururinsa na iya fashewa. Wutar fetur ba a zuba mata ruwa, sai yashi ko tukunyar kashe gobara, a kuma kira 112, lambar agajin gaggawa.