Wane irin lemo ne zai yi a ƙasar Jega, kuma ko dole ne sai dashe mai aure?

Manomi daga Jega:
Assalamu alaikum. Ina da fili a kan tudu kusa da fadamar gulbin Zamfara, da rijiya a ciki wadda ba ta ƙafewa ko da bazara, kuma ina so in mayar da shi garkar lemo, ganin cewa yawancin lemon zaƙin da muke sha a nan daga jihar Binuwai ake kawo shi. Masu sayar da dashe sun nuna mini lemon zaƙi da lemon tsami da tanjarin da garehul, kowa yana yabon nasa. Wanne ne zai jure zafinmu? Sannan ko zan iya shuka ƙwayar lemo mai daɗi da kaina, tunda dashe mai aure ya fi tsada?

Malamin gona, Birnin Kebbi:
Wa'alaikumus salam, Malam. Ƙwayar za ta tsiro, amma ba na ba ka shawarar dogara da ita. Lemon zaƙin da aka shuka daga ƙwaya yakan kai shekara shida zuwa takwas, wani lokaci fiye, kafin ya fara 'ya'ya, yana fitowa da ƙaya mai yawa, sannan gindinsa ba ya jure cutar da ke ruɓar da saiwa, wadda za ka ga ƙaro yana tsattsafowa daga ɓawon itacen dab da ƙasa. Mai aure kuwa yakan fara 'ya'ya a shekara ta uku ko ta huɗu, domin an ɗauko idon reshe ne daga uwar da ta riga ta balaga aka ɗora shi a kan gindin wani lemo mai juriya, kamar tanjarin ɗin da ake kira Cleopatra.

Game da irin lemon zaƙi, ka nemi Valencia ko Agege 1, ka bar lemo mai cibiya, wato Washington, domin yana yawan zubar da ƙananan 'ya'yansa a inda zafi da bushewar iska suka yi tsanani. Cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, wadda aka kafa a Ibadan a 1975, tana da reshe a Bagauda ta jihar Kano, kuma can ne ya dace ka fara tambayar dashe mai asali. Ka ba da tazarar mita 7 ta kowane gefe, abin da zai ba ka itace kusan 200 a hekta guda. Asalin dangin lemo duka daga Asiya yake, wajen arewa maso gabashin Indiya da kudancin Sin, inda ake samun ruwan sama sosai, saboda haka ruwan daminarmu kaɗai ba zai ishe shi ba.

Mai garka, Yauri:
Malamin gona ya yi bayani mai kyau, sai dai ni da za a bi tawa, da lemon tsami zai fara. Shi ne ya fi sauran haƙuri da zafi, yana yi ko daga ƙwaya, kuma muddin yana samun ruwa ba ya daɗewa bai yi fure ba. Mu nan kudancin jihar mun fi ku samun ruwan sama, amma duk da haka watan Maris da na Afrilu, lokacin da zafi ke haura maki 40, su ne ke raba mai garka da amfaninsa: idan ruwa ya yanke wa itacen yana cikin fure, za ka wayi gari ka tarar da furen da 'ya'yan da ba su wuce girman gujiya ba zube a ƙasa.

Ɗana, kada kusancin fadama ya ja ka ka sauka da dashen cikinta, domin lemo ba ya son ruwa ya kwanta masa a gindi. Ka yi masa kewayen ƙasa yadda ruwa zai tsaya daidai inda inuwar rassan ta ƙare, ba a jikin itacen ba. Mahaɗin auren ya zauna sama da ƙasa da kamar taƙi guda, kuma duk tohon da ya fito a ƙasan mahaɗin ka cire shi da hannu tun yana ɗanye, in ba haka ba gindin zai rinjayi abin da aka ɗora masa, ka ƙare da lemon da bai shawuwa. Takin shanu sai wanda ya ruɓe sarai, domin ɗanyensa yana jawo gara.

Mai sayar da 'ya'yan itace, Argungu:
Ni ta ɓangaren kasuwa zan yi magana. Lemon zaƙi da lemon tsami ba sa kwantai, musamman da azumi. Tanjarin yana da farin jini, amma ɓawonsa sakwa-sakwa ne, ba ya jure doguwar tafiya a mota. Garehul masu nemansa kaɗan ne saboda ɗan ɗacinsa, ga shi likitoci suna gargaɗi cewa ba ya jituwa da wasu magungunan hawan jini, saboda haka itace biyu ko uku sun ishe ka. Kuma kada ka tsaya jiran lemonka ya yi launin ruwan ɗorawa kafin ka tsinka. A ƙasa mai zafi ɓawon yakan zauna kore ko bayan ya nuna, domin sanyin dare ne ke juya launinsa. Ka yanka ɗaya ka ɗanɗana, kuma ka tabbatar ya yi zaƙi a kan itace, domin lemo ba ya ƙara nuna bayan an tsinke shi yadda mangwaro ke yi.

Manomi daga Jega:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan raba filin tsakanin Valencia mai aure da lemon tsami. Saura lokacin dashe: in fara yanzu da ruwan rijiya, ko in jira damina?

Malamin gona, Birnin Kebbi:
Ka jira damina ta zauna, wajen ƙarshen Yuni ko cikin Yuli, domin dashen ya kama ƙasa kafin hunturu. Kafin nan ka haƙa ramukan, ka gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki ka mayar ciki, sannan ka kewaye filin da shinge mai ƙarfi saboda awaki.