Robar hannu mai ɗumi ta babur: wacce zan saya, kuma yaya ake ɗaura ta?

Mai Sammako:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin wannan abu. Kullum da sassafe nake hawa babur zuwa wurin aiki, tafiyar kusan minti 40, kuma tun da sanyi ya kankama, kafin in kai rabin hanya yatsuna sun ƙage, har idan na zo jan birki ko kuloci sai in ji kamar hannun ba nawa ba ne. Wannan shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali, domin wanda yatsunsa suka mutu ba zai iya tsayar da babur a kan lokaci ba. Na gwada safar hannu mai kauri, ta rage sanyin, amma ta hana ni jin totur yadda ya kamata.

An ba ni shawarar in sauya robar hannun babur ɗin da irin wadda ake jona wa batir tana ɗumama tafin hannu. Babur ɗina 250cc ne, batirinsa volt 12. Abin da nake so in sani shi ne, me zan duba kafin in saya, shin ba za ta riƙa kashe mini batir ba, kuma zan iya ɗaura ta da kaina ko sai na kai wa makanike? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Matafiyi:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka fitar da kuɗi, ka fara auna ƙarfen kan babur ɗin, wato wurin da robar take zama. Yawancin babura faɗin ƙarfensu milimita 22 ne, amma manyan babura irin su Harley-Davidson da masu ƙirarsu nasu inci 1 ne, wato milimita 25.4, kuma robar wancan ba ta shiga wannan. Naka mai 250cc kusan tabbas 22 ne, sai dai aunawa ba ta ɗaukar minti biyu. Sannan ka auna tsawon tsohuwar robar, domin akwai mai kusan milimita 120, akwai wadda ta fi ta tsawo. Wasu an yi musu alama a baki inda aka yarda a yanke. Idan ka wuce alamar nan, ka yanke wayar ɗumin da ke ciki, robar kuma ta tashi aiki.

Idan ka buɗe kwalin za ka ga robobi biyu, ramin ɗaya ya fi na ɗayar faɗi. Kada ka ɗauka kuskure aka yi. Mai faɗin ta ɓangaren totur ce, saboda a kan bututun roba na totur take zama, ba a kan ƙarfe ba.

Ni dai a ganina, kada ka sayi mai makunni iri biyu kawai, ƙasa da sama. Ka nemi wadda take da matakai huɗu ko biyar, domin sanyin da ka fita da shi ba shi ne za ka dawo da shi ba, kuma mataki na ƙarshe yakan yi zafi har ya dame ka. Kamfanin Oxford suna yin masu ɗan akwatin makunni da ake ɗaurawa a kan babur, kamfanin Koso kuma suna da samfurin Apollo wanda maɓallinsa yake jikin robar hagu, ka danna da babban yatsa ba tare da ka saki hannu ba. Wannan na biyun ya fi tsafta a ido, musamman ga wanda kan babur ɗinsa ya riga ya cika da madubi da mariƙin waya.

Mai Gyaran Wuta:

Malam Mai Sammako, tambayarka ta biyu ita ce asalin maganar, kuma ita ce mutane suka fi tsallakewa. Robobin biyu a mataki mafi zafi suna jan wuta tsakanin amp 3 zuwa 4, wato wat 36 zuwa 48 a volt 12. Ga babban babur wannan ba komai ba ne, amma ƙaramin babur kwayil ɗinsa, wato abin da yake samar da wuta idan inji yana aiki, bai fi ƙarfin fitilu da cajin batir da ɗan rara ba, kuma wannan rarar ce kake son ka ci.

Ga yadda za ka gane tun kafin ka saya. Ka sami mitar auna wuta ka auna batirin da safe kafin ka tayar da inji. Lafiyayyen batir zai nuna kusan volt 12.6. Ka tayar da babur, ka kunna fitilar gaba, ka ɗan ba shi wuta kamar yadda kake tafiya a hanya, ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.5. Daga nan sai ka sami tsohon ƙwan fitila mai wat 55 ka jona shi kai tsaye a batirin, domin abin da yake ja ya ɗan zarce abin da robar za ta ja. Idan mitar ta tsaya sama da 13 kana ba da wuta, babur ɗinka zai iya. Idan ta yi ƙasa da haka, batirin ne zai riƙa cike giɓin, kuma wata rana da safe sitata za ta ƙi juyawa. A silo kuwa, wato inji yana aiki ba ka ba shi wuta ba, kusan kowane ƙaramin babur yakan yi ƙasa, don haka idan ka shiga cunkoso ka rage mataki ko ka kashe. Wanda rararsa ta yi kaɗan yana iya sauya ƙwan gaba zuwa LED, wannan yakan samar masa da sarari.

Sai batun jonawa. Da yawa an yi su ne a ɗaura wayoyinsu kai tsaye a kan batir, ja a kan ja, baƙa a kan baƙa, da fis a tsakani. Illar wannan ita ce suna aiki ko da ka cire makulli. Batir mai ƙarfin 8Ah da ake jan amp 4 daga gare shi, a lissafi awa 2 zai yi, amma tun kafin nan ya daina iya tayar da inji. Wasu samfuran Oxford suna kashe kansu idan suka ji injin ya tsaya ko wutar batir ta yi ƙasa, kuma wannan taimako ne babba, sai dai ni hankalina ya fi kwanciya da rile, wato ɗan makunnin da ba zai bar wuta ta kai ga robar ba sai an murɗa makulli. Ƙafafunsa huɗu ne, kowace da lambarta: 30 ta ɗauko wuta daga batir ta cikin fis mai amp 5, 87 ta kai wa robar, 85 ta tafi jikin ƙarfen babur, 86 kuma ka jona ta da wayar da ba ta kawo wuta sai an murɗa makulli. Fis ɗin ya zauna dab da batir, ba can nesa ba, domin wayar da ke tsakaninsu ba ta da mai kare ta.

Abu biyu ka kiyaye. Wasu ƙananan babura fitilunsu daga kwayil suke shan wuta kai tsaye, ba daga batir ba, don haka ka gwada wayar da mita, makulli a kunne inji a kashe, kafin ka yi amfani da ita. Sababbin babura masu tsarin CAN bus kuma, wato waɗanda kwamfuta take kula da layukan wutarsu, kamar yawancin BMW, ba a huda musu waya yadda aka ga dama, domin kwamfutarsu takan ɗauka matsala ce ta yanke wutar layin.

Ɗan Totur:

Abin da malamai suka faɗa daidai ne. Ni zan ƙara ne a kan ɗaurawa, domin a nan na sha wuya. Karon farko da na ɗaura, na shafa gam, na tura robar dama, ta shiga rabi ta tsaya cak, gam ɗin ya kama cikin daƙiƙoƙi. Da na yi ta murɗa ta da ƙarfi, wayar ciki ta katse, ɓangare ɗaya bai taɓa ɗumi ba.

Saboda haka, ɗan'uwa, ka gwada komai a bushe tukuna. Bututun totur yakan zo da ƙananan tudu da suke riƙe tsohuwar roba. Ka goge su da magagari ko sanfefa har sabuwar ta shiga da turin hannu, ba da guduma ba. Ka goge tsohon gam da maiƙo tas. Idan ka jona robar a batir na 'yan mintuna ta yi ɗumi, za ta yi laushi ta fi saurin shiga. Kafin ka taɓa gam, ka duba inda wayar take fitowa daga robar dama, ka murɗa totur daga rufe har ƙarshe, ka tabbatar wayar ba ta taɓa hannun birki ba kuma ba ta ɗame ba, sannan ka yi alama da biro. Ka bar mata ɗan lanƙwasa, domin duk murɗawar da za ka yi tare da ita za ta juya. Ka kuma bar tazarar milimita 2 ko 3 tsakanin bakin robar da ƙarfen da yake toshe ƙarshen kan babur, in ba haka ba za su riƙa gogar juna.

Bayan ka gama, ka juya kan babur dama har ƙarshe, ka murɗa totur ka saki, ka juya hagu ka sake yi. Dole ya koma da kansa nan take, ka ji ƙarar komawarsa. Idan ya yi nauyi ko kaɗan, kada ka hau babur ɗin sai ka gano dalili. Gam ɗin kuma ka bar shi ya kwana kafin ka kunna ɗumi ko ka fita.

Tsohon Matafiyi:

Na manta abu ɗaya. Robar hagu takan fi ta dama jinkirin ɗumi, domin a kan ƙarfe take kai tsaye, ƙarfen yana shanye zafin, musamman idan na alminiyam ne. Sannan kada ka sa rai za ta magance komai: tafin hannu take ɗumamawa, bayan hannu da kan yatsun da suke bisa birki iska na nan tana dukansu. Sai ka haɗa ta da garkuwar hannu da take tare iska, da safar hannu mai kaurin baya amma sirin tafi, domin tafi mai kauri yana tare ɗumin kamar yadda yake tare sanyi.

Mai Sammako:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Na auna ƙarfen, milimita 22 ne, robar kuma 120. Batirin ya nuna 12.5 da safe, 14.1 ina ba da wuta, da na jona ƙwan mai wat 55 ya sauka zuwa 13.4, a silo kuma 12.3. Zan nemi mai matakai biyar, in sa rile kamar yadda aka kwatanta. Saura tambaya ɗaya ga Malam Mai Gyaran Wuta: fitilar bayana tana kamawa da zarar na murɗa makulli ko da inji a kashe yake, shin zan iya ɗauko wayar 86 daga nan?

Mai Gyaran Wuta:

Za ka iya, tunda daga batir take sha, kuma rile ɗan abu kaɗan yake ja. Sai dai fitilar baya tana da wayoyin wuta biyu, ka tabbatar ta ƙaramar wutar ka kama, ba ta birki ba, in ba haka ba robar ba za ta yi ɗumi ba sai ka taka birki. Ka cire baƙar wayar batir kafin ka fara aikin, ita kuma za ka mayar a ƙarshe.