Masu shimiyo da masu jinyarsu, me kuka gani a jiki?

Ɗiyar Inna, unguwar Zariya

Assalamu alaikum ƴan'uwa, daga nan Maraɗi. An tabbatar wa mahaifiyarmu da sankarar mama, likita ya ce za a fara yi mata shimiyo a Yamai, wato maganin kashe ƙwayoyin cutar daji, ƙarin ruwa sau ɗaya duk sati uku, kafin a zo maganar aiki. Tun da zancen ya fita gidanmu ya rabu biyu. Ƙannen babanmu na cewa ruwan nan shi ke ƙarasa mutum, gara a yi na gida. Ita kuwa Inna ba ta ce uffan ba, sai dai na lura ta rage cin abinci. Don Allah duk wanda aka yi wa, ko ya yi jinyar wanda aka yi wa, ya faɗa mana abin da ya gani, kada ya rage mana komai.

Hajiya mai atamfa, Bagalam

Wa alaikumus salam ɗiyata, sannu da jinya, Allah ya ba ta lafiya. Ni aka yi wa, ciwo irin na mahaifiyarki, a cibiyar yaƙi da cutar daji ta ƙasa da ke Yamai. Akwai wuya, ba zan ɓoye miki ba, amma ga ni ina harkata a kasuwa.

Ranar ƙarin ruwan ba ta da wani tashin hankali. Daren ranar ne zuwa kwana biyu ko uku zuciya ke tashi. Ni ƙamshin albasa a cikin mai shi ne babban abokin gabana, sai da aka mai da girki can bayan gida. Maganin hana amai da za su ba ku, ta sha shi a kan lokacin da aka rubuta, kada a jira sai aman ya zo. Ta riƙa ci kaɗan-kaɗan: kunu, koko, ruwan citta marar yaji sosai. Abinci mai sanyi ya fi shiga, don ba ya tashin ƙamshi.

Cikin magungunan akwai wani ja, doksorubisin. Bayan an sa shi fitsari kan yi ja kwana ɗaya ko biyu. Ba jini ba ne, launin maganin ne. Ki faɗa mata tun yanzu don kada ta firgita.

Sai gashi. Sati biyu zuwa uku da ruwan farko ya fara zuba. Na cire ɗankwali da safe na tarar da kitson a ciki, ya ciro tun daga tushe. Ranar na yi kuka sosai. Shawarata a tsefe mata, a rage shi tun kafin lokacin, abin zai zo mata da sauƙi. Gira ma ta tafi, farce ya yi baƙi, tafin hannu ya yi duhu, har wasu suka fara raɗe-raɗin an yi mini jifa. Watanni kaɗan bayan an gama gashi ya dawo, mai laushi, farcen ma ya wanke a hankali.

Malamin lakkol, Tibiri

Ƴar'uwa, abu ɗaya nake so ki riƙe da hannu biyu: zazzaɓi. Ni na yi jinyar maiɗakina. Maganin ba ya bambanta ƙwayoyin cutar da sauran ƙwayoyin jiki masu saurin hayayyafa, shi ya sa yake taɓa gashi da baki da hanji da ɓargo. Idan ya taɓa ɓargo, fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki sai su ragu, kuma sun fi yin ƙasa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan ruwa. A daidai lokacin aman ya lafa, kowa ya saki jiki, ga shi kun riga kun dawo Maraɗi, fiye da kilomita 600 daga likitan da ya sa ruwan.

Ki sayi ma'aunin zafin jiki a farmasi. Idan ya nuna 38, ko tana rawar sanyi, ku tafi asibiti a lokacin ko da tsakar dare ne, da takardar da ke nuna magungunan da aka sa mata da ranar da aka sa. Mu nan da damina kowane zazzaɓi sunansa na cizon sauro, a sha parasetamol a kwanta. Ga mai shimiyo wannan ganganci ne, domin parasetamol zai ɓoye zafin, cutar kuma tana bin jini. A yi awon zazzaɓin sauron, a kuma ƙirga ƙwayoyin jinin, duka biyun. Maiɗakina sai da aka kwantar da ita ana yi mata allurai ta jijiya, Allah ya sa mun je da wuri.

Masu zuwa gaisuwa kuma a rage su a waɗannan kwanaki. Mai tari ko mura ya gaishe ta daga ƙofa. Wasu za su ji haushi, a ba su haƙuri. Ta kwana cikin gidan sauro, nonon fura a tafasa shi. Kafin kowane ruwa ana awon jini, idan bai kai ba sukan ɗaga ranar, wannan ba yana nufin ciwon ya ci ƙarfinta ba.

Direban babbar mota, Sabon Gari

Nawa na hanji ne, maganina daban, oksaliplatin. Gashina bai zube ba sai dai ya yi shara-shara. Sanyi ne ya zame mini bala'i. Ana tsananin zafin watan huɗu, na kurɓi ruwa mai ƙanƙara, na ji maƙogwaro ya shaƙe kamar an cusa mini ƙaya. Alwala ma sai da ruwan ɗumi. Yatsu suna mini jijjiga, ɓalla maɓallin riga ya gagara, carbi ba na jin ƙwayarsa a hannu. Na faɗa wa likita ya rage adadin maganin. Har yau ƙasan ƙafata bai gama dawowa daidai ba. Zawo kuma idan ya zo, ruwan gishiri da sukari, in ya wuce yini a je asibiti.

Ma'aikaciyar jinya, Ali Ɗan Sofo

Sannunku. Kaɗan zan ƙara daga abin da nake gani wurin aiki. Idan ana ƙarin ruwan ta ji wurin allurar yana zafi ko ya kumbura, ta yi magana nan take, wasu magungunan suna ƙona nama idan sun fita daga jijiya. Gyambon baki kan zo bayan kamar sati ɗaya: buroshi mai laushi, kurkure baki da ruwan gishiri da ɗan bikarbonat, a ajiye yaji da lemun tsami. In tana da ciwon sukari ku faɗa, deksametazon da ake haɗawa don hana amai yana ɗaga sukari, yana kuma hana barci. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe kuwa, don girman Allah kada a haɗa ba da sanin likita ba. Hanta da ƙoda ne ke tace maganin, kada a ƙara musu kaya.

Uwar biyu, Madarunfa

Ni ina goyo aka gano nawa, dole na yaye yaron, don maganin yana bi ta nono. Al'adata ta ɗauke, aka ce kuma kada in yarda in ɗauki ciki har a gama. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne gajiya. Barci ba ya kore ta, tulu ɗaya sai in kasa ɗauka, wasu na ganin lalaci ne. Abin da ya fi yi mini ciwo, ware mini kwano da aka yi a gidan. Ciwon nan ba a ɗaukarsa. Ku ci abinci tare da ita.

Mai shago, Ɗan Gulbi

Mahaifinmu bayan ruwa na biyu ya ce ya gaji. Ga amai, ga doguwar hanya zuwa Yamai, Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, ga kuɗin mota da na magani da suka cinye mana tumaki. Dangi suka goya masa baya aka koma na gargajiya. Lokacin da muka mai da shi abin ya riga ya bazu. Allah ya jiƙansa. Likitan ya ce da an faɗa masa aman ya yi yawa, akwai wani maganin da za a canza. Ki karanta wa ƙannen babanki wannan. Kuma ku zauna ku yi lissafin kuɗin ƙarin ruwan gaba ɗaya tun yanzu, kowa ya san abin da zai kawo.

Ɗiyar Inna, unguwar Zariya

Allah ya jiƙan Baba, ya saka muku da alheri duka. Na karanta wa Inna, tambayarta ɗaya: azuminta na Litinin da Alhamis fa?

Hajiya mai atamfa, Bagalam

Ki ce mata ta ajiye shi tukuna. Jiki na buƙatar ruwa sosai a kwanakin ƙarin ruwa, musamman da zafin garin nan. Ni har na watan Ramadan na sha, bayan na tambayi likita da malaminmu, na rama da na samu sauƙi. Ranar tafiya Yamai ku riƙe leda, zani na canji da ruwa mai yawa, ku nema mata kujera kusa da taga. In da hali ku kwana biyu a can bayan ruwan kafin ku kamo hanya.